Wace rana ce ranar miƙa jirgi? Lissafina ya ƙi zuwa ɗaya da na masu ƙera jiragen alfarma

MaiKundi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da kundin da nake rubuta sababbin jiragen alfarma a ciki, su Gulfstream, Bombardier, Falcon, Citation da Embraer. Ina rubuta samfurin jirgi, lambar masana'anta, lambar rajista, sai ranar da aka miƙa shi ga mai shi. Wannan layi na ƙarshe shi ke ba ni ciwon kai. Duk bayan wata uku idan GAMA, ƙungiyar masu ƙera ƙananan jirage, ta fitar da rahotonta, sai in tarar nawa daban, nasu daban. Wani jirgin ya bar masana'anta tun Satumba amma bai shiga lissafin kamfani ba sai Disamba. Wani kuwa an ƙirga shi alhali yana nan ajiye a harabar masana'anta. To wace rana ce ta gaskiya? Ranar da ya bar masana'anta, ranar da ya fito a rajista, ko ranar da ya sauka inda zai zauna? Ni dai na fi karkata ga ranar rajista, tunda hukuma ce ta rubuta da hannunta.

Shaho_27:
Wa alaikumus salam. Ranar rajista kuma? Malam, ai nan ne ma za ka fi ɓata. Jirgi ba ya ɗaga taya daga ƙasa sai da lamba, ko da tashin gwaji ne. Tun yana hannun masana'anta yake da rajista.

Tsohon_Makaniki:
Ɗana MaiKundi, a wurin masu sana'ar, miƙa jirgi magana ce ta takarda da kuɗi. Mai saye zai turo matuƙansa da injiniyansa su yi kwanaki suna bincike. Za su tashi da jirgin, su taɓa kowane makunni, su duba fenti da kujeru da banɗaki, har ƙofar kabad da ba ta rufuwa sosai sai an rubuta ta. Kamfani ya gyara abin da aka lissafa masa. Daga nan a sa hannu a takardar karɓa, cikon kuɗi ya fita daga hannun mai riƙon amana zuwa kamfani, mallaka ta koma. Ranar nan ita ce ranar miƙawa, ko da jirgin zai ƙara sati uku a rumfar masana'anta yana jiran matuƙansa su gama horo. Ku masu kallo daga bayan shinge ba ku ganin sa hannun, tashi da sauka kawai kuke gani.

MaiKundi:
Na gode Baba. Amma kenan ranar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wadda ba ni da hanyar sani?

Tsohon_Makaniki:
Sai in kamfani ya yi sanarwa, kuma ba ya yi sai ga jirgin farko na samfuri, ko na ɗari, ko na ƙarshe. Sauran sai dai ka kintata.

Gimbiyar_Sama:
Yaya MaiKundi, wancan jirgin naka na Satumba, ka tabbata gidan mai shi ya nufa? Domin da yawa suna barin masana'anta ne ɗanye, babu kujera ko ɗaya a ciki, jikinsu da koren fentin nan na hana tsatsa. Falcon ana haɗa shi a Mérignac, kusa da Bordeaux a Faransa, amma akasarinsu sai sun ƙetare teku zuwa Little Rock a jihar Arkansas ta Amurka kafin a yi musu ciki da fenti, kuma da lambar gwaji mai farawa da F-WW suke tafiya. G280 sunan Gulfstream yake ɗauke da shi amma a Isra'ila ake ƙera gangar jikinsa, sannan a kai shi Dallas a ƙarasa. Global na Bombardier a yankin Toronto ake haɗa shi, a Montreal ake ƙawata shi. Duk wanda ya rubuta wannan tashin farko a matsayin miƙawa zai riga kamfani da watanni.

Uwar_Lissafi:
Bari in shigo ta ɓangaren da na sani. GAMA ba ta aika kowa ya tsaya a bakin titin jirgi yana ƙirge. Kamfanoni ne ke kawo mata alƙalumansu, kowa bisa yadda yake rubuta ciniki a littafin kuɗinsa. Dassault, mai ƙera Falcon, ma ba ya bayar da nasa duk wata uku, sau biyu a shekara yake fitarwa, don haka rahoton rubu'in farko da na uku ba su cika ba tun asali. Sannan akwai batun ɗanyen jirgi da Gimbiya ta kawo. Boeing da Airbus idan sun miƙa BBJ ko ACJ, wato manyan jiragensu na fasinja da ake mayarwa na alfarma, fanko suke miƙawa, su karɓi kuɗinsu, su ƙirga. Jirgin ya wuce Basel ko Hamburg ya shafe shekara ko fiye ana gina masa ɗakin kwana da falo. A lissafin Boeing an miƙa shi bara, a wurin mai shi sai baɗi zai fara hawa.

Gulfstream ma ya daɗe yana bayar da alƙaluma iri biyu, na ɗanye da na kammalalle. G650 shi ne misalin da ya fi fitowa fili: a ƙarshen 2011 kamfanin ya ƙirga ɗanyu goma sha biyu bisa takardar amincewa ta wucin gadi, cikakkiyar takardar ba ta fito ba sai Satumban 2012, masu saye kuma ba su fara karɓar kammalallu ba sai Disamban 2012. To a wace shekara za ka ce an fara miƙa G650? Kowacce ka zaɓa akwai mai hujjar ja da kai.

Shaho_27:
2012 mana, Hajiya. Jirgin da ba a iya zama a cikinsa ba a miƙa shi ba.

Uwar_Lissafi:
Faɗa wa mai binciken kuɗin kamfani haka ka ji amsarsa.

Sabon_Shiga:
Ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Mene ne bambancin lambar masana'anta da lambar rajista? Na ɗauka abin da ke rubuce a wutsiya shi ne sunan jirgi har abada.

Tsohon_Makaniki:
Ba laifi yaro, kowa da haka ya fara. Ka ɗauke shi kamar mota: akwai lambar shasi, akwai lambar da hukuma ke bayarwa a liƙa gaba da baya. Ta masana'anta tana bugawa a wani ɗan faranti na ƙarfen da wuta ba ta ci, manne a jikin jirgi, kuma da ita zai mutu. Ta rajista kuwa tana iya sauyawa sau biyar, sau goma. Abin da ya fi ruɗa sababbi shi ne mai kuɗi yakan riƙe lambarsa. Ya sayar da tsohon jirgi, ya cire lambar, ya maƙala wa sabo. Sai ka ga lamba ɗaya a hoton 2005 a kan Challenger, a hoton bana a kan Global. Duk kundin da aka jera bisa lambar wutsiya zai rushe wata rana.

Dan_Eriya:
Kuma lambobin masana'anta suna da tsari mai daɗin bi in ka gane shi. G550 daga 5001 ya fara, G650 daga 6001. Global Express da 'ya'yansa 9001, Global 7500 kuma 70001. Challenger 300 ya fara daga 20001, da aka koma 350 sai aka yi tsalle zuwa 20501. Wanda bai san da tsallen ba zai zauna yana neman jiragen da ba a taɓa ƙerawa ba. Sannan ba bisa jerin lamba ake miƙawa ba. Na farko-farko jiragen gwaji ne, wasu sai bayan shekaru ake gyara su a sayar, wasu ba a sayarwa sam.

Lauyan_Zaure:
Ƙarin hujja ga Baba Makaniki: hatta bankuna ba su dogara da lambar wutsiya. Rajistar duniya ta masu bin jirgi bashi, wadda yarjejeniyar Cape Town ta 2001 ta haifar kuma take Dublin, da sunan masana'anta da samfuri da lambar masana'anta take aiki. Injina ma kowanne da tasa lambar ake rubuta shi, domin ana iya cire inji daga wannan jirgi a ɗaura wa wancan.

Game da ra'ayin MaiKundi na bin ranar rajista, ga inda gizo ke saƙar. A Amurka ofishin rajistar FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar, yana Oklahoma City, kuma ranar da za ka gani a shafinsu sau da yawa ranar da suka fitar da takarda ce, ba ranar ciniki ba. An yi lokacin da takardu suka taru har ana jiran watanni. Ga kuma sunan da za ka gani: wanda ba ɗan Amurka ba kuma ba mazauninta ba ba ya rajistar lambar N, wato lambar rajistar Amurka, da sunansa kai tsaye, sai ta hannun kamfanin amana, don haka ɗaruruwan jirage suna ƙarƙashin sunan banki ɗaya ko ofishi ɗaya a wani ƙaramin gari, alhali jiragen suna wata nahiyar.

Sabon_Shiga:
Yallaɓai Lauya, to su waɗannan masu farawa da M ko T7 ko VP fa? Ina yawan ganinsu a hotuna amma ban san ƙasashen ba.

Lauyan_Zaure:
M tsibirin Man ne, tsakanin Ingila da Ailan, rajistarsu ta buɗe a 2007 kuma jiragen kai da na kamfani kawai take karɓa, ban da na haya. T7 San Marino, ƙasar da ba ta da filin da babban jet zai sauka, amma jiragenta sun cika duniya. VP-B da VQ-B Bamuda, VP-C tsibiran Cayman, P4 Aruba, 9H Malta, mai farawa da 2 kuma Guernsey, wadda ta shigo a 2013. Na manyan ƙasashe ka san su: G Birtaniya, F Faransa, D Jamus, C Kanada, HB Suwizalan. Tushen haruffan tun yarjejeniyar Faris ta 1919 ne, kuma daga haruffan kiran rediyo da aka raba wa ƙasashe aka aro su.

BaSaniBaSabo:
A daina kewaye-kewaye. Duk wanda ya kai jirginsa tsibiri gudun haraji yake yi, ko ɓoye dukiya. Takardun Paradise da aka fallasa a 2017 ba sun nuna yadda ake shigo da jirage ta tsibirin Man a mayar wa masu su harajin kaya ba? Ku kuna nan kuna rubuta lambobi kamar abin ado.

Lauyan_Zaure:
Abin da ka faɗa ya faru, ba mai musu. Amma "duk" ɗin nan naka ya yi yawa. Wani bankin da ya ba da bashin ne ke gindaya sharaɗin inda za a yi rajista, don ya san in an gaza biya zai iya ƙwace jirgin ba tare da shari'ar shekara goma ba. Wani darajar jirgi yake karewa, domin mai saye na biyu ya fi yarda da littafin gyaran da hukuma mai tsauri ta sa wa ido. Wani kuma matuƙansa lasisin ƙasashe daban-daban suke da shi, yana neman rajistar da za ta amince da su cikin sauƙi. Rajista daban, wurin biyan haraji daban, ko da yake wasu na amfani da ɗaya su rufe ɗaya.

BaSaniBaSabo:
Lauya ba zai taɓa cewa abokin cinikinsa ɓarawo ne ba.

Gimbiyar_Sama:
Kai dai ba ka rabo da tsokana. Yallaɓai Lauya, jirgi na iya riƙe rajista biyu lokaci guda? Na taɓa ganin lamba biyu ga lambar masana'anta ɗaya a wata ɗaya.

Lauyan_Zaure:
A doka a'a. Sashe na 18 na yarjejeniyar Shikago ta 1944 ya hana. Sai ƙasar farko ta soke, ta sanar da ta biyu, sannan a ba da sabuwa. Abin da kika gani wataƙila an keɓe lambar ce tun kafin jirgin ya iso, domin ana iya kama lamba a ajiye. Inda aka take wannan doka a fili shi ne 2022, lokacin da Bamuda ta dakatar da takardun ingancin tashi na ɗaruruwan jiragen da ke aiki a Rasha, Rasha kuma ta sa musu lambar RA ba tare da an soke ta farko ba. Yawancinsu jiragen fasinja ne, amma masu kundi irin na MaiKundi sun sha wahalar yadda za su rubuta su.

Dan_Eriya:
Ni abin da nake bi ba fenti ba ne, lambar da na'urar jirgi ke watsawa ce. Kowane jirgi yana da adireshi mai alamomi shida na tsarin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, yana fitar da shi a kan mita 1090 tare da inda yake da tsayinsa da gudunsa. Da 'yar eriya da ƙaramar kwamfuta kowa na iya kamawa, kuma da irin waɗannan eriyoyi na masu sa kai su Flightradar24 da FlightAware da ADS-B Exchange suke cika taswirarsu. Adireshin na bin rajista ne, ƙasa ce ke bayarwa daga kasonta. Na Amurka da A yake farawa, kuma ana iya lissafo shi kai tsaye daga lambar N. To ranar da na ga adireshin gwaji ya ɓace, sabo ya bayyana a fili ɗaya da samfuri ɗaya, na san an sauya hannu ko ana dab da sauyawa. A ganina wannan ya fi kusa da ranar sa hannun da Baba ya faɗa fiye da shafin hukuma.

Tsohon_Makaniki:
Kusa dai, amma kar ka rantse. Makaniki ne ke shigar da adireshin nan da hannu, kuma na ga jirgin da ya yi wata biyu yana yawo da sabon fenti da tsohon adireshi saboda an manta. Sannan in Ba'amurke ya sayi jirgin Amurka kuma tun a masana'anta aka sa masa lambar da ya zaɓa, babu abin da zai sauya a eriyarka.

Hajiya_Matuƙiya:
Ni ta wani gefen nake kallon abin, don ina cikin masu tuƙa su. Rubuta tarihin jirgi ba ni da matsala da shi. Amma a ce kowa na ganin inda muka tashi da inda za mu sauka a daidai lokacin, wannan akwai haɗari. Akwai ranar da muka sauka muka tarar da mutane suna jiran fasinjanmu a bakin ƙofa, ba wanda ya gaya musu sai waya. Shi ya sa FAA ta fito da tsarin LADD na ɓoye jirgi daga shafukan da ke karɓar bayananta, da kuma PIA, inda ake ba jirgi adireshin aro da ba ya kai ka ga rajista.

BaSaniBaSabo:
Hajiya, sararin sama na kowa ne, hayaƙin da kuke zubarwa ma kowa ke shaƙa. In ɗalibi ɗaya, Jack Sweeney, ya iya hana Elon Musk barci da wallafa inda jirginsa yake, har aka rufe shafin ɗalibin a Twitter a Disamban 2022, ai alama ce abin na aiki. Attajirin Faransa Bernard Arnault da bakinsa ya ce kamfaninsa ya sayar da jirginsa ya koma haya don a daina bin sa.

Hajiya_Matuƙiya:
To ka ga amfanin da aka samu: yana nan yana tashi, kai ne ka daina gani.

Dan_Eriya:
LADD ba ya hana eriyata ji, shafukan da suka yarda da sharaɗin kawai yake ɗaurewa, ADS-B Exchange kuwa ba ya tacewa. PIA ya fi ƙarfi, sai dai a sararin da Amurka ke kula da shi yake aiki, kuma mai haƙuri da kyamara a bakin fili yana iya haɗa adireshin aro da lambar wutsiya. Abin da zai fi taɓa masu kundi shi ne dokar FAA ta 2024 da ta ba masu jirage damar neman a cire sunansu da adireshinsu daga rajistar da jama'a ke gani.

MaiKundi:
Jama'a mun yi nisa. Ni ban damu da wa ke ciki ko ina za shi ba, layin kwanan wata kawai nake so in cike.

Sabon_Shiga:
Kafin a koma, tunda kundin tarihi ne, da Learjet ka fara ko? Shi ne jet ɗin alfarma na farko ai.

Malam_Tarihi:
A'a ƙanina, Learjet suna ya yi, amma ba shi ne fari ba. Lockheed JetStar ya tashi ranar 4 ga Satumba 1957. Sabreliner ya biyo a 1958. DH.125 na Birtaniya a Agustan 1962, Mystère 20 na Dassault a Mayun 1963, sannan Learjet 23 ranar 7 ga Oktoba 1963 a Wichita ta jihar Kansas. Shi ne na biyar a wannan jeri. Abin da ya bambanta shi, JetStar da Sabreliner don neman kwangilar sojan saman Amurka aka zana su, shi kuwa Bill Lear ɗan kasuwa ya nufa tun farko. A Suwizalan ya fara aikin, ya ɗauki dabarar fiffike daga wani jirgin yaƙinsu mai suna P-16 da aka yi watsi da shi, sannan ya kwashe komai zuwa Kansas.

Kuma ka ga tambayar MaiKundi ta biyo mu har nan. JetStar ya tashi a 1957 amma sai 1961 aka fara miƙa shi, kuma wanda ya tashi a 1957 inji biyu gare shi, wanda aka sayar huɗu. Learjet 23 an fara miƙa shi a Oktoban 1964. Wasu ma za su ce duk ku tsaya, Morane-Saulnier Paris mai kujera huɗu ya tashi a Faransa tun 1954, har Beechcraft ya zagaya da shi Amurka yana neman masu saye. Ni ba na sa shi a jerin, don jirgin da ake shiga ta sama kamar na yaƙi bai zama ofis mai tashi ba, amma masu sa shi ba su yi hauka ba.

Shaho_27:
Malam, ka manta Gulfstream II, Oktoban 1966. A wurina daga nan jirgi mai faɗin ciki ya fara, jirgin da mutum zai miƙe tsaye a ciki ya ƙetare Atlantika.

Malam_Tarihi:
Ban manta ba, layi ne bai zo kansa ba. Shi ma lokacin sunan Grumman yake ɗauke da shi. Wannan wata matsalar ce ga mai kundi: wane kamfani za ka rubuta? Ɗauki DH.125 ɗin da na ambata. De Havilland ya fara, ya zama Hawker Siddeley, ya zama British Aerospace, Raytheon ya saya a 1993, ya ƙare a hannun Hawker Beechcraft da aka daina ƙera shi a 2013. Shekara hamsin, jirgi ɗaya, iyaye biyar. Challenger kuma daga zanen Bill Lear ya samo asali, Canadair ya tashe shi a Nuwamban 1978, Bombardier ya sayi Canadair a 1986, ya sayi Learjet a 1990, ya kuma rufe layin Learjet da hannunsa. Na ƙarshe an miƙa shi a Maris 2022, bayan an ƙera sama da 3,000.

Wanda aka fi rainawa shi ya fi kowa yawa. Citation na farko na kamfanin Cessna da ya tashi a Satumban 1969 ba shi da gudu, har ana zolayar cewa tsuntsaye ta baya suke buge shi. Cessna bai kula ba, ya sayar wa masu sauka a gajerun filaye, daga baya ya fito da Citation X mai gudun Mach 0.92, wato dab da gudun sauti, a 1996 ya rufe bakin kowa. Yau dangin Citation da aka miƙa sun haura 8,000.

Gimbiyar_Sama:
Ni labarin Falcon 20, wato Mystère 20 ɗin da Malam ya ambata, ya fi burge ni. Kamfanin jiragen Pan Am ne ya buɗe masa kasuwar Amurka bayan shahararren matuƙi Charles Lindbergh ya je ya duba shi, sannan a Afrilun 1973 kamfanin aika kaya Federal Express ya fara aikinsa a Memphis da guda 14, an cire kujeru an faɗaɗa ƙofa ana loda kwalaye. Yaya MaiKundi, irin waɗannan kana ƙirga su a jiragen alfarma?

Uwar_Lissafi:
Tambayar nan ta Gimbiya ita ce rabin bambancin da MaiKundi ke gani. Kafin ka yi faɗa da jimillar GAMA, duba abin da ke cikinta. Akwai Cirrus Vision Jet mai inji ɗaya da lemar saukar gaggawa, wanda aka fara miƙawa a ƙarshen 2016, kuma yana da yawa. Akwai HondaJet, akwai PC-24 na Pilatus, akwai BBJ da ACJ. Kai a saƙonka kamfani biyar ka ambata. Ga kuma Global da ake miƙa wa Saab ya mayar da shi jirgin leƙen asiri na GlobalEye, wanda ba zai taɓa ɗaukar ɗan kasuwa ba.

Jimillar dai tana da amfani in shekaru kake kwatantawa. A 2008 an miƙa sama da 1,300, shekara ɗaya bayan nan aka faɗo ƙasa da 900, kuma har yau ba a sake ganin wancan tudun ba. 2019 an yi 809, korona ta mayar da shi 644 a 2020, 2023 aka yi 730, 2024 kuma 764. A cikin tudun 2008 ɗin ma akwai Eclipse 500 da yawa, ƙaramin jet ɗin da aka ce zai zama tasi na sama, kamfanin ya durƙushe a Nuwamban shekarar bayan ya ƙera kusan 260.

Shaho_27:
Hajiya, me ya sa kullum Disamba ke cika? Rubu'in ƙarshe sai ka ga ya kusa ninka na farko.

Uwar_Lissafi:
Kowa na da dalilin gaggawa. Kamfani na so ya cika alƙawarin da ya yi wa masu hannun jari kafin a rufe littafi. Mai saye a Amurka kuma, in yana son rangwamen harajin shekarar, sai jirgin ya fara aiki kafin 31 ga Disamba. Shi ya sa za ka ga an karɓi jirgi ranar 29, an yi tafiyar kasuwanci ɗaya, sannan a Janairu ya koma masana'anta a ƙarasa abin da ya rage. Wancan da MaiKundi ya ce an ƙirga alhali yana harabar masana'anta, ina kyautata zaton irinsu ne.

Hajiya_Matuƙiya:
Ranar isowa gida ma da wasu ke so a bi ba ta da tabbas. Ƙaramin jet da zai tafi Turai daga Wichita ba ya yi a tashi ɗaya. Sai ya bi ta Goose Bay a Kanada, wani lokaci Girinlan, sannan Keflavik a Aislan, sannan Sikotlan, kuma iska ko ƙanƙara na iya zaunar da ku kwana uku a hanya. Da yawa da lambar N ta wucin gadi suke tafiya, sai sun isa a soke ta a sa ta ƙasar. Babban jirgi kuwa wani ba shi da gida ma. Na kamfanonin da ke jigilar masu kuɗi, su NetJets masu lambar da ke ƙarewa da QS ko VistaJet masu 9H, daga masana'anta sai aiki, yau nan gobe can.

MaiKundi:
To na ji. Abin da zan yi, lambar masana'anta ta zama kan layi kamar yadda Baba ya ce. Kwanan wata kuma in raba shi gida uku: tashin farko, ranar da rajistar mai shi ta bayyana, da rubu'in da kamfani ya ƙirga shi. Amma in aka matsa mini in faɗi ɗaya, har yanzu ta rajista zan faɗa, don ita kaɗai ce wani zai iya zuwa ya duba ya gaskata ni.

Lauyan_Zaure:
Zai duba a yau. Bayan an fara cire sunaye daga rajistar Amurka, za ka ga kwanan wata amma ba lallai ka san ko hannu ya sauya ba.

Tsohon_Makaniki:
Ni dai ina nan kan bakata, ranar sa hannu. In ba ka sani ba ka bar gurbin fanko, ya fi ka cike shi da ranar da ba ita ba.

Dan_Eriya:
Baba, in ya bi taka, kashi tara cikin goma na kundin fanko zai zama.

Shaho_27:
Gida uku ma ba za su isa ba. Jirgin talla fa, wanda kamfani ke riƙewa shekara biyu yana kai shi baje koli a Geneva da Dubai da lambarsa ta kansa, sannan ya sayar? Sabo ne ko na hannu? Kuma a wace shekarar zai shiga? Hajiya Uwar_Lissafi, ke za ki raba mana wannan.

Uwar_Lissafi:
Ya danganta da ko kamfanin ya sayar wa wani reshensa tun farko ya ƙirga, ko ya bar shi a kayan da ba a sayar ba. MaiKundi, turo lambobin masana'anta na waɗanda suka ƙi daidaita a rubu'in da ya wuce, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da na Bombardier, su ne suka fi sauƙin bi.